Me Ya Sa Waya Take Zafi?

Assalamu alaikum. Iyayen gida da ke nan, da ku ƙannena masu koyon aikin wayarin, barkanku da zuwa. Tambaya ɗaya ce ta tara mu yau: me ya sa waya take ɗaukar zafi?

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komawa. Ta fito daga batir ko janareta, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, ta koma inda ta fito. Wannan zagayen shi ne kewayen lantarki. Makunni kuma ƙofa ce kawai a kan hanyar, in ka kashe shi ka yanke zagayen. Ƙarfin da ke tura wutar ana auna shi da bolt, a gidajenmu bolt 230 ne. Yawan wutar da ke wucewa ana auna shi da amfiya.

To amma waya ba ta barin wuta ta wuce salin-alin, tana turjewa. Wannan turjiyar ake aunawa da om, sunan wani malamin makaranta ɗan Jamus, Georg Ohm, wanda a 1827 ya wallafa ƙa'idarsa: ka raba bolt da om, ka sami amfiya. Ku tuna yadda ake fitowa daga masallacin Juma'a ta lungu mai ƙunci. Jama'a na da yawa, hanya ta matse, ana gogayya, kowa na gumi. Haka siririyar waya take. In ka ninka tsawonta, turjiya ta ninku. In ka ninka yawan ƙarfen da ke cikin kaurinta, wato lambarta, turjiya ta ragu da rabi. Ƙarfen ma yana da tasa rawar: azurfa ce kan gaba, tagulla na biye, alminiyom kuwa turjiyarsa ta fi ta tagulla da fiye da rabi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na kankare waya mai launin tagulla na tarar cikinta fari ne.

Yanzu ku ɗauki biro. Wani ya ja wuta zuwa shagonsa daga nisan mita 50. Zuwa da komawa mita 100 ke nan, kada ku manta da komawar, yawancin yara a nan suke kuskure. In wayar tagulla ce mai lamba 2.5, turjiyarta wajen om 0.7 ce. In mai lamba 1 ya saya don ta fi araha, ta kai om 1.7. Ya haɗa hita da dutsen guga, suna jan amfiya 10. Lissafin zafi shi ne amfiya sau amfiya sau om, amsar kuma da wat ake auna ta. A mai kauri wat 70 ke zama zafi, a siririyar wat 170, ga kuma bolt 17 da suka salwanta a hanya, sai ya ce wuta ba ta da ƙarfi. Ku lura da wannan "amfiya sau amfiya". In kaya suka ninku, zafi sau huɗu yake ƙaruwa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne mahaɗa. An murɗa waya biyu da hannu, an naɗe da leda, ko sukurun soket ya saki. Ko da turjiyar wurin om 1 ce tak, amfiya 10 za su haifar da wat 100 a wurin da bai wuce farcen babban yatsa ba, cikin rufi, kusa da busasshen katako. Na taɓa kwance wani soket a gidan wata dattijuwa, robar ta narke ta zama gawayi, gadon jikokinta na jingine da bangon. Har yau ban manta warin ba.

Fiyus shi ne wanda aka yi da gangan don ya riga kowa ƙonewa. Na cikin filogi mai ƙafa uku ba ya wuce amfiya 13. In ya tsinke, don Allah ku nemo dalili, kada ku ɗaura masa waya ko ƙusa. Ga guntayen waya nan uku, a zagaya da su, kowa ya kankare ya gaya mini wacce ce tagullar gaske.