Kafin Ka Bar Jami'a: Mayar da Aikin IT Hujjar Neman Aiki

Idan kana aji uku ko ajin ƙarshe, wannan bidiyon naka ne. Mai ɗaukar aiki yakan duba CV, sannan ya rubuta sunanka a Google. Abin da ya tarar shi zai fara magana a madadinka.

Fara da LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Sunan da ke shafin ya zama daidai da na takardunka, ban da laƙabi. Hoto ya nuna fuska sosai, ba wanda aka yanko daga taron biki ba. Layin da ke ƙarƙashin suna yana ɗaukar haruffa 220, amma ɗalibai da yawa "ɗalibi" kawai suke rubutawa. Asara ce, domin da kalmomin sana'a masu ɗaukar ma'aikata suke bincike. Rubuta fanninka da abin da ka iya: injiniyan gine-gine, AutoCAD, lissafin kayan gini. Ka gajarta adireshin shafin ya koma sunanka, ka ɗora shi a saman CV.

Ga inda aikin yake. Ɗauko littafin da ka cika lokacin SIWES, wato IT, horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu su yi. Mutane kan miƙa shi a sa hannu, shi ke nan an manta. Zaɓi ayyuka uku daga ciki. Kowanne ka rubuta matsalar da aka samu, kayan aikin da ka riƙe, da abin da ya biyo baya. "Na iya Excel" kowa na faɗa. "Na tsara teburin lissafin magungunan da ke sito, aka riƙa gane wanda ya kusa ƙarewa" kuwa hujja ce. Sai dai ka nemi izini kafin ka wallafa hoto ko takardar wurin aiki. Bayanan marasa lafiya da na kwastomomi ba a fitar da su ko kaɗan. Mai rubuta manhaja ya ajiye aikinsa a GitHub, mai zane a Behance.

Roƙi wanda ya kula da kai a wurin IT, ko malamin da ke duba bincikenka, ya rubuta maka shaida a shafinka na LinkedIn tun yanzu. Bayan hidimar ƙasa, da wuya ya tuna abin da ka yi.

Shafin jami'arku a LinkedIn yana nuna tsofaffin ɗalibai da wuraren da suke aiki. Tura wa biyar saƙo a mako: sallama, sashen da kake, tambaya ɗaya tak. Kada ka buɗe da "a taimaka min da aiki", yawanci shiru za ka ji.

Facebook da X ma ka bi su, ka goge zage-zagen siyasa da na ƙwallo. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na tantancewa kafin ganawa, ka toshe shi, ka kai rahoton shafin.