Lacca: Yadda ɗan tayi ke gane hagu da dama

Toh jama'a, assalamu alaikum, mu fara kar lokaci ya ƙure mana. In ka kalli mutum daga waje ido biyu, kunne biyu, hannu biyu, kamar an raba shi daidai, amma ciki ba haka yake ba. Zuciya ta karkata hagu, saifa da tumbi suna hagu, hanta tana dama, hatta huhu na dama kashi uku ne na hagu biyu. Tambayar ita ce waye ya gaya wa ɗan tayi ga hagu, alhali a farkonsa ɓangarorin nan iri ɗaya ne sak?

Daga marasa lafiya aka fara kamo bakin zaren. Kusan mutum 1 cikin 10,000 ana haifarsa da kayan ciki a juye gaba ɗaya, zuciya a dama hanta a hagu, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau, sai an yi musu hoto ake ganewa. A 1933 wani likita a Suwizalan, Manes Kartagener, ya lura wasu masu wannan juyin suna fama da majina da ciwon ƙirji da baya ƙarewa. Me ya haɗa majina da mazaunin zuciya? Sai a 1976 Björn Afzelius na Suwidin ya gano cewa ƙananan gashin nan da ke jikin sel (ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki), wato siliya, waɗanda ke share majina daga hanyar numfashi, na waɗannan mutanen basa motsi, har wutsiyar maniyyin mazansu ma bata motsi.

Nan nake so ku nutsu, don nan ne gundarin laccar. Masu wannan lalura ta rashin motsin siliya ba dukkansu ne kayan cikinsu ke juyewa ba, kusan rabi ne. Rabi fa! Da ace akwai wata ƙwayar gado da ke cewa "zuciya koma hagu", in ta lalace ai da kowa ya juye. Abin da gadon ke yi shi ne ya ƙera inji, injin ne ke zaɓen ɓangare, in injin ya mutu sai abin ya koma canki-canka.

A 1998 Shigenori Nonaka da Nobutaka Hirokawa a Tokyo suka ga injin da idonsu a tayin ɓera mai wajen kwana takwas. Akwai wani ɗan rami a jikin tayin da ake ce masa nod, cikinsa akwai ruwa da siliya ɗari biyu zuwa ɗari uku, kuma su ba kaɗawa suke ba, juyawa suke kamar sau 600 a minti. Ku kalli hannuna, in na miƙe shi tsaye ina juyawa ruwa zagaye kawai zai yi, amma in na kwantar da shi ɗan baya, rabin zagayen yana sama yana tura ruwa sosai, rabin yana goga ƙasa bashi da ƙarfi. Haka siliyar nan suke a kishingiɗe wajen wutsiya, shi yasa ruwan ke kwarara hagu. A 2002 Nonaka da Hiroshi Hamada suka tura ruwan dama da gangan, tayin ya juye. Ni a ganina babu gwajin da ya kai wannan kyau a fannin nan.

Da ruwan ya isa hagu, sel na gefen ramin su ji shi, sai ƙwayar gado mai suna Nodal ta kunnu a hagu kaɗai, ita kuma ta kunna Pitx2 wadda ke bin gaɓoɓi tana tsara lanƙwasarsu. Wata ƙwayar gadon kuma mai suna Lefty aikinta birki, tana tsare tsakiya kar saƙon ya tsallaka dama. Tun 1995 Michael Levin da Cliff Tabin a Harvard suka ga Nodal a hagun tayin kaza, duk da ita kaza bata amfani da wannan ruwan, wasu sel ne ke matsawa hagu, amma daga Nodal ɗin hanya ta haɗe.

Masu karatun likitanci ku riƙe wannan, juyi gaba ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, saboda komai ya tafi tare. Matsalar ita ce in kowace gaɓa ta zaɓi nata, zuciya nan jijiyoyinta can, sai a haifi jariri babu saifa ko da saifa barkatai, kuma yawanci da lalurar zuciya mai buƙatar tiyata. Toh, mai tambaya ya ɗaga hannu.