Farautar elg a Suwidin: wa ke da izinin harbi, kuma yaushe?

Jama'a, ga labarin wata babbar dabbar daji mai ƙaho. Mutanen Suwidin suna kiranta älg, mu dai mu ce elg. Ta fi gwanki girma nesa ba kusa ba. Babban namiji yakan kai kilo 500, ga ƙaho mai faɗi kamar tafin hannu, wanda yake zubarwa kowace shekara wani sabo ya tsiro.

A arewacin ƙasar ana buɗe farautarta ranar 1 ga Satumba, a kudu kuwa sai 8 ga Oktoba. A yawancin wurare ana rufewa ƙarshen Janairu. Wasu jihohin arewa sukan dakatar da harbi na ɗan lokaci idan lokacin barbara ya zo, don a bar dabbobin su sami ciki.

Kafin mutum ya shiga dajin da bindiga, sai ya ci jarrabawar mafarauta, wadda aka wajabta tun 1985. Akwai ta rubutu, akwai ta harbi. A ta harbin, ana tsayar da kai daga nisan mita 80, ka harbi hoton elg a tsaye, sannan ka harbe shi yana gudu a kan dogo. Da wannan takardar 'yan sanda za su ba ka lasisin bindiga. Sai kuma katin farauta na gwamnati, da ake biya duk shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni.

Duk da haka ba ka gama ba, domin a Suwidin haƙƙin farauta na mai fili ne. In ba ka da daji, sai ka karɓi haya ko ka shiga ƙungiyar da take da shi.

To, dabba nawa za a kashe? Nan ne ake kai ruwa rana. Elg tana cin tohon itatuwan da ake shukawa don katako, musamman da hunturu, saboda haka masu gandun daji suna son a rage ta. Ga haɗarin mota, dubbai a kowace shekara. Su kuma mafarauta suna tsoron kada ta yi ƙaranci. Tun 2012 aka raba ƙasar zuwa yankuna, kowane yanki da kwamitin mutum shida, uku daga masu fili, uku daga mafarauta. A yankunan arewa da 'yan ƙabilar Sami suke kiwo, kujera ɗaya ta mafarauta tasu ce. A tsarin 2012, idan ƙuri'a ta zo daidai, shugaban kwamiti aka ba ikon raba gardama, shi kuwa daga ɓangaren masu fili yake fitowa. Hukumar jiha ce ke amincewa da tsarin farautar da kwamitin ya shirya a ƙarshe.

Ni dai ina ganin tsoron mafarautan yana da tushe. A 1982 an harbi fiye da 170,000. A kakar 2023 adadin ya sauko zuwa wajen 50,000.

Akwai wata doka da ta fi burge ni. Dole ne ƙungiya ta iya kawo karen bin sawu cikin awa biyu, ko da za a ji wa dabba rauni ta gudu, don kada a bar ta tana shan wahala a daji. Kuma idan uwa tana tafe da ɗanta, ɗan ake fara harbi, saboda maraya da wuya ya kai ƙarshen sanyin can. Duk wadda aka kashe, sai an kai rahotonta cikin mako biyu, a kuma biya mata kuɗi.