Fulogin motar da ta sha hanya: wanne za ka saka, me kuma za ka duba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar fulogi za mu yi, musamman na motar da ta riga ta sha hanya, irin wadda ta haura kilomita 200,000. Ga wata nan na buɗe bonet, mai silinda huɗu ce, na riga na cire koyil ɗin da ke ba fulogi wuta kuma na bar injin ya huce sarai, don ba a kwance fulogi inji da zafi, yawancin kan inji na yanzu alminiyom ne, in ka matsa masa da zafi sai haƙoran ramin su biyo fulogin, ka ga aikin minti ashirin ya koma na kwana biyu. Kafin ka sa sifana kuma ka hura iska a ramin, yashin da ya taru a wurin in ka zare fulogi cikin silinda zai faɗa kai tsaye.

To kafin ka je sayen sabo, tsohon nan shi za ka fara dubawa. Kar ka zuba su wuri ɗaya, jera su yadda ka ciro su, na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Matso da kamara nan. Kun ga wannan, bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne zuwa toka-toka, a bushe, to wannan silindar lafiyarta ƙalau, fulogin ne kawai ya cinye, kun ga tsinin tsakiyar ya yi mulmul kuma gibin da wuta ke tsallakawa ya buɗe. Wannan na uku kuwa dube shi, baƙi ne kuma da maiƙo, in na shafa yana kama yatsa. Wannan baƙin mai ne yake shiga inda ake ƙona fetur, ko ta ringi ko ta sil ɗin bawul, kuma motar da sil ɗinta ya bushe za ka ga da safe in an tayar tana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci sannan ya ɗauke. In kuma baƙin busasshe ne kamar kunkunniya, ba baƙin mai ba ne, fetur ne ya yi yawa, sai a duba filtar iska ko ta toshe, ko injekta na ɗiga, ko sensa ta iskar salansa ta mutu, ko kuma motar ce ba ta tafiya mai nisa, kullum daga nan sai can injin bai ko ɗau zafi ba an kashe. Fari fat mai ƙuraje-ƙuraje zafi ne ya yi yawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ka ga guda ɗaya tas kamar an wanke shi alhali sauran duk da datti, sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga wannan silindar ta gasket.

Akwai wani abu da ake cutar mutane da shi. In ka ga mai a jikin fulogi ta sama, wajen farin tangaran ɗin da robar koyil, amma bakin da ke cikin inji a bushe yake, wannan ba ringi ba ne, robar murfin kan inji ce ta tsufa mai yake gangarowa cikin ramin. Canza robar kawai za a yi. Kar wani ya ce maka sai an sauke inji.

Yanzu zaɓe. Ka nemi lambar da kamfanin motar ya rubuta a littafinta, shi ne magana. Ga misali wannan na kamfanin NGK, an rubuta BKR6E-11. Wannan R ɗin yana nufin akwai resista a ciki da ke hana wutar fulogi dagula rediyo da kwamfutar mota, 11 ɗin gibi ne, milimita 1.1, shi kuma 6 matakin zafi ne. Bakin fulogi yana buƙatar ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 don ya riƙa ƙone dattin da ke kansa, in kuma ya haura 800 sai ya fara kunna fetur tun wuta ba ta zo ba, wannan kuwa fistin yake hudawa. A NGK da Denso in lamba ta hau fulogin ya fi sanyi, a Bosch da Champion kuma akasin haka ne, saboda haka 6 na wannan ba 6 na wancan ba ne. Tsawo ma haka, akwai mai milimita 19 akwai mai 26.5, kaurinsu na iya zama ɗaya duk su shiga ramin, amma dogo a wurin gajere fistin zai iya dukansa.

Sai nau'i. Na gama-gari wanda ake ce wa kofa, wato mai jan ƙarfe a ciki, yana yin kamar kilomita 30,000 zuwa 50,000. Filatinam yana kai wa 100,000. Iridiyam mai dogon zango yana iya kai wa 160,000, tsininsa siriri ne, 0.4 zuwa 0.6 na milimita, na gama-gari kuwa wajen 2.5, shi ya sa wuta ke tsallakawa cikin sauƙi koyil bai wahala ba. Amma fa wannan lissafin na lafiyayyen inji ne. Injin da ke shan mai, iridiyam ɗin ma maiƙo zai rufe shi tun bai yi rubu'in zangonsa ba, kuma ba ya ƙara wa mota ƙarfin da ba ta da shi. Ni a ganina in motarka da na gama-gari ta fito kuma tana ɗan shan mai, tsaya a kansa kana canzawa a kai a kai, kana ma samun damar leƙa halin da injin ke ciki. In da iridiyam ta fito to kar ka sauka ƙasa. Masu injin V6, wato mai silinda shida, da ukun baya suke ƙarƙashin manifol, bututun da ke kai wa inji iska, sai an kwance kaya da yawa kafin a kai gare su, su kam mai dogon zango ya fi, kuma a canza shidan gaba ɗaya. Jabu kuma ya yi yawa, musamman na iridiyam, in ka ga rubutun jikin yana gogewa da farce ko araharsa ta wuce hankali, ajiye musu kayansu.

Wajen ɗaurawa da hannu za ka fara, ya shiga sumul, in ya cije tun farko fito da shi ka sake. In ya zauna, sabo mai wosha rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, in kana da sifana mai awo, 25 zuwa 30 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, ga mai kaurin milimita 14 a kan alminiyom. NGK sun ce kar a shafa wa nasu maiƙo a haƙora, yana sa a ɗaure fiye da ƙima. Kuma kar ka sa ƙarfe kana banƙarar tsinin iridiyam wai gyaran gibi, karyewa yake.

In an canza fulogi amma mota tana ci gaba da rawa, a sa mata kwamfuta. P0302 yana nufin silinda ta biyu ce ke ɗauke wuta, sai ka musanya koyil ɗinta da na ta ɗaya, in lambar ta koma P0301 ka kama ɓarawo. Fitilar cek inji in tana ƙyaftawa a daina tafiya, ɗanyen fetur ne ke zuwa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke cikin salansa.

Sauran hidimar kuwa, baƙin mai shi ne gaba. Tsohuwar mota ba a jiran ranar juye, a zaro sandar awo duk sati, kuma a tsaya kan kaurin man da littafi ya ce, zuba mai kauri sosai don ɓoye hayaƙi yana jinkirta isar mai saman inji da safe. Akwai ɗan bawul ɗin PCV a murfin inji, ƙarami ne ana mantawa da shi, in ya toshe iska ta matse a ciki sai ka ga sil-sil suna ta yoyo. Mai tayimin bel, tsakanin kilomita 90,000 da 160,000 ake canzawa gwargwadon mota, in ba ka san yaushe aka canza ba ɗauka ba a canza ba, don a injuna da yawa in ya tsinke fistin da bawul karo suke, kuma a haɗa da famfon ruwa in shi bel ɗin ke juya shi. Lagireto a zuba masa kulant, ruwan sanyaya inji na musamman, ruwa zalla tsatsa yake kawowa. Man birki duk shekara 2, yana shan danshi. Man giya kuma na otomatik wanda ya daɗe ba a taɓa ba, a juye a zuba sabo kawai, irin lambar da aka rubuta, ni ban yarda a sa masa injin wanki mai turawa da ƙarfi ba.

To bari in mayar da koyil ɗin nan mu tayar mu ji sulo. Wannan na uku kuma bayan kilomita 2,000 za mu sake ciro shi mu ga yawan maiƙon da ya tara, daga nan a san ko za a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iskar silinda.