Cokali nawa? Lacca kan ba yara maganin zazzaɓi da ciwon jiki

Assalamu alaikum. Iyayena mata, iyaye maza, barkanmu da haɗuwa.

Magana ce yau a kan maganin da ake saya ba sai da takardar likita ba, wato farasitamol da ibufurofen. Saboda an saba da su, sai ake raina su. Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali a kansu shi ne awo.

Yaro ba da shekarunsa kaɗai ake auna masa magani ba, nauyinsa ake bi. Farasitamol ana ba da miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, bayan awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 a cikin awa 24. Mu ɗauki yaro mai kilo 10. Rabonsa tsakanin miligiram 100 da 150 ne. To ku duba waɗannan kwalabe biyu da ke hannuna. Wannan an rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5, waccan kuma miligiram 250 a cikin mililita 5. Launinsu kusan ɗaya, sunan ɗaya. Idan uwa ta zuba mililita 5 daga ta farko, ta yi daidai. Idan daga ta biyu ta zuba, ta ba shi fiye da ninki biyu, alhali a ganinta abin da ta saba ne ta yi. Akwai ma na ɗigawa da ake yi wa jarirai, wanda mililita 1 kacal ke ɗauke da miligiram 100. Don Allah, duk sabuwar kwalba a karanta ta kamar ba a taɓa ganin irinta ba.

Cokalin cin abinci kuma a bar shi a kicin, domin kowanne da girmansa. A yi amfani da sirinji ko ɗan kofin da ya zo cikin kwalin. A zuƙo har bakin layin, a sa a gefen kumatun yaro, a tura a hankali yana haɗiya.

Ga wani tarko. Da yawa daga magungunan mura da tari na ruwa akwai farasitamol a cikinsu. Uwa ta ba da na zazzaɓi, uba ya dawo ya ƙara da na mura, kaka ta ga jiki da zafi har yanzu ita ma ta ba da nata. Kowa da kyakkyawar niyya, amma hantar yaron ce ke ɗaukar nauyin. Abin tsoron shi ne yaron da ya sha fiye da ƙima zai iya wuni yana wasa, sai bayan kwana ɗaya ko biyu illar ta fito. Akwai makarin farasitamol a asibiti, kuma ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 8 da shan maganin. Kada a jira alama. A ɗauki yaron da kwalbar a tafi. A gida kuwa, duk wanda ya ba da magani ya rubuta lokacin a jikin kwalin.

Ibufurofen shi bayan awa 6 zuwa 8 ake maimaita shi, kuma gara a ba da shi bayan yaro ya ci wani abu. Ba a ba jaririn da bai kai wata 3 ba. Yaron da ke amai da gudawa, ruwan jikinsa ya ragu, kada a ba shi, yana iya taɓa ƙoda. Haka mai ƙarambau. Mai asma kuma a tambayi likita tukuna.

Asfirin kuwa ba na yara ba ne. A 1963 wani likita a Ostireliya, Douglas Reye, ya bayyana wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, daga baya aka gano alaƙarta da ba yara asfirin lokacin mura ko ƙarambau. Shi ya sa ake hana shi ga wanda bai kai shekara 16 ba, sai in likita ne ya rubuta.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Tana tambaya ko maganin zazzaɓi na hana jijjigar da zafin jiki ke kawowa. A'a Hajiya, ba ya hanawa. Aikinsa ya sassauta wa yaro ya samu ya sha ruwa, ya yi barci. Cutar da ta kawo zazzaɓin tana nan, ko ciwon kunne ne, ko na huhu, ko na cizon sauro. Yaron da jikinsa ke da ɗumi amma yana wasa yana shan nono, ba dole ba ne a ɗura masa komai.

Amma jaririn da bai kai wata 3 ba, zafinsa ya kai digiri 38, wannan asibiti kai tsaye. Haka wanda wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ke masa wuya, ko ya ƙi shan komai, ko ake tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga. Wanda kuma aka kwana uku ana ba shi magani zafin na sauka yana dawowa, shi ma a kai shi a duba, a tafi da duk kwalaben da aka ba shi a nuna wa likita.