Angon Ƙarni a Gidan Kirista: Aikin da Ke Jiransa Bayan Suna

Ƙarfe biyu na dare ne a birnin Sakkwato, cikin watan Afrilu. Wuta ta ɗauke tun bayan isha'i, fanka ta tsaya, bangon ɗaki kuma yana ta amayar da zafin da ya sha da rana. Jariri ɗan kwana goma ya tsala kuka, mai jego kuwa ko awa ɗaya ba ta yi da runtsawa ba. A gefe guda akwai wani mutum kwance a kan tabarma, ya ji kukan sarai, yana shawara a ransa ko ya tashi ko ya yi kamar barci ya ci ƙarfinsa. Masu kallo, a kan wannan mutumin za mu yi magana, wato angon ƙarni a gidan Kirista, da abin da bangaskiyarsa take nema daga gare shi bayan 'yan barka sun watse.

A ƙasar Hausa akwai tsohuwar al'ada ta kunyar ɗan fari, inda uba ba ya ɗaukar ɗansa na farko a gaban jama'a, wani ma ba ya ko ambatar sunansa. Kiristocin Sakkwato da yawa, ko daga ƙasar Zuru suka fito ko daga Kudancin Kaduna da Filato, sun san wannan kawaici domin cikinsa suka tashi. Kawaici ado ne, amma sau da yawa yakan taƙaita aikin uba ga biyan kuɗin asibiti da sayen ragon suna, sauran duka ya bar wa mata.

Babban cocin Katolika na Sakkwato, inda kujerar Bishop Matthew Hassan Kukah take tun 2011, sunan Iyali Mai Tsarki yake ɗauke da shi, kuma uban wannan iyali shi ne Yusufu kafinta, mijin Maryamu uwar Yesu. Abin lura game da Yusufu shi ne, a cikin Linjila huɗu ba a rubuta ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba, ayyukansa kaɗai aka rubuta. Matiyu ya ba da labari a sura ta 2 cewa da aka gargaɗe shi a mafarki game da Sarki Hirudus, wanda yake neman kashe jariri Yesu, sai ya tashi cikin dare ya ɗauki yaron da uwarsa ya nufi Masar. Luka kuma ya ce an raɗa wa yaron suna a rana ta takwas, abin da ya sa Kiristoci da yawa suke yin suna a wannan rana. Da kwanakin tsarkakewa suka cika aka kai shi Haikali a Urushalima, hadayar da aka ambata ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, wadda Littafin Firistoci sura ta 12 ya ware wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Duk angon ƙarnin da yake shirin cin bashi domin kada a ce ragonsa ƙarami ne, ya kamata ya tsaya a kan wannan aya ya yi tunani.

Majami'u sun bambanta kan abin da ke biyo bayan suna. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baftis kuwa miƙa yaro suke yi a gaban ikkilisiya, a bar baftisma sai ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. A kowanne dai ana ɗora wa iyaye alkawarin renon yaron cikin tsoron Allah.

Wurin da wannan alkawari yake fara ciwo shi ne lafiyar uwa da ɗa. A zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 kafin saukar damina, da wuya a rasa wata dattijuwa da za ta ce jariri yana jin ƙishirwa, a ɗura masa ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla ya wadatar har wata shida, ruwan ma yana cikinsa, kuma ruwan da ba shi da tsabta ƙofar gudawa ce. Haka nan likitoci a Arewa sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna iya taɓa zuciyar mai jego. Mai jego ba za ta iya musu da mahaifiyarta ko uwar mijinta ba, don haka nauyin maganar yana kan miji. Dabara ita ce ya durƙusa ya gaida surukarsa, ya yi mata sannu da ɗawainiya, sannan ya ce, "Mama, a asibiti sun ce a rage kanwar, a kuma surka ruwan, ina roƙon ki taimake mu da haka." Umarnin girmama iyaye yana nan daram, amma bai ce a yi shiru a kan abin da zai cutar da rai ba.

Katin rigakafi ma aikinsa ne. Ana yi wa jariri allurar farko da zarar an haife shi, sai a mako 6, da 10, da 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, kuma uban da ya san waɗannan ranaku ba zai bari rashin kuɗin mota ya sa a tsallake ɗaya ba.

Sujadar iyali takan sha wahala a waɗannan watanni, kuma bai kamata hakan ya tayar wa kowa hankali ba. Gidan da ya saba karanta sura guda da waƙa biyu kowace safiya zai iske cewa yanzu aya ɗaya da gajeriyar addu'a kawai lokaci ya bari. Maimaitawar Shari'a sura ta 6 ta ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi, wato cikin harkokin yini aka saka ta, ba a keɓe mata awa guda ba. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ga Afisawa sura ta 6, ubanni ya kira kai tsaye ya ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Jariri bai san tsokana ba tukuna, amma yana jin muryar da ake yi wa uwarsa magana da ita idan tuwo ya makara.

Ranar Lahadi kuma, idan kuka ya ɓarke ana tsakiyar wa'azi, uwa ce aka saba gani tana fita da goyo zuwa inuwar dogonyaro a harabar coci, har wata ta shafe watanni ba ta ji wa'azi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Babu dokar majami'a da ta hana uba ya miƙa hannu ya karɓi yaron ya fita da shi, matarsa ta zauna ta saurara. 'Yan zumuntar mata za su yi masa dariya a makon farko, wataƙila har da na biyu.