Lacca: Yadda Django Channels Ke Tura Kowane Haɗi Wurin Mai Aikinsa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Maganarmu ta yau a kan ɗan tsakanin nan ne, daga lokacin da burauza ta ƙwanƙwasa wa saba ƙofa zuwa lokacin da wani ɓangare na manhajarku ya karɓi aikin. Da Django Channels zan yi misali, wato ƙarin da ke ba Django, tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, damar riƙe haɗi a buɗe, tunda yawancinku da Django kuka fara.

A tsohon tsarin magana tsakanin saba da manhajar Python, wato WSGI da aka rubuta ƙa'idarsa a 2003, abin ba wuya. Buƙata ta zo, a duba adireshinta, a ba ta amsa, kowa ya kama gabansa. Sai WebSocket ya zo, wato hanyar da burauza da saba ke aika wa juna saƙo ta haɗi ɗaya, aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2011, shi kuwa baƙo ne mai zama. Haɗi ɗaya zai iya yin awanni a buɗe, saƙo na shiga na fita. WSGI ba shi da wurin ajiye irin wannan baƙo. Shi ya sa Andrew Godwin, wanda ya ƙirƙiro Channels, ya fito da ASGI, sabon tsarin da ke iya riƙe irin wannan haɗi, har Django kansa ya karɓe shi a siga ta 3.0, ƙarshen 2019.

A ASGI, duk haɗin da ya shigo yana tafe da wani ƙunshin bayani da ake kira scope. A ciki akwai nau'in haɗin, akwai adireshin da yake nema, akwai kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane mutum, da sauransu. Rarrabawar kuma hawa biyu ce. Ku ɗauka tashar mota kuka shiga. Ɗan kamasho na bakin ƙofa tambaya ɗaya yake yi: doguwar tafiya ce ko cikin gari? Shi ne ProtocolTypeRouter, nau'i kawai yake dubawa, http ne (buƙata da amsa ta yau da kullum) ko websocket. In ka wuce shi sai ka tarar da na ciki, URLRouter, mai nuna maka ainihin motar da za ka hau.

Wannan na cikin, daga sama yake karanta jerin adireshi, na farkon da ya dace shi ya ci. Ba ya neman wanda ya fi dacewa. Idan ka rubuta ws/hira/ da gurbin sunan ɗaki a sama, sannan ka sa ws/hira/sabo/ a ƙasa, to na ƙasan ba zai taɓa ganin kowa ba, domin za a ɗauki "sabo" a matsayin sunan ɗaki. Kuma ba wani kuskure da zai fito a allo ya faɗa maka. Keɓantacce a sama, gama-gari a ƙasa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. A http, kowace buƙata sai an sake tantance ta. A WebSocket sau ɗaya ake yi, a bakin ƙofa. Haɗin yana farawa ne kamar buƙatar http ta yau da kullum, ɗauke da roƙon a sauya masa layi. Saba ta amsa da lamba 101, shi ke nan, an gama da mai rarrabawa. Duk saƙon da zai biyo baya kai tsaye yake zuwa wurin mai aikin da aka zaɓa, wanda Channels ke kira consumer, kuma kowane haɗi nasa ake buɗe masa daban.

Me wannan ke jawowa? AuthMiddlewareStack, mai tantance wanda ya shigo a Channels, yana karanta kuki lokacin shigowa, ya rubuta sunan mai amfani a cikin scope. To a ce mutumin ya fita daga asusunsa bayan minti goma, ko ma kun dakatar da shi. Haɗin nan yana nan a buɗe, yana karɓar saƙonni da sunansa, domin ba wanda ya sake tambayarsa. In manhajar ta hira ce tsakanin abokai, da sauƙi. In ta kuɗi ce ko ta bayanan marasa lafiya, wajibi ne ku sake dubawa da kanku kafin kowane aiki mai nauyi, ko ku tanadi hanyar katse haɗin daga saba. Wanda bai cancanta ba tun farko kuwa, ku rufe masa kafin ku karɓe shi, zai ga lambar 403, wato an hana shi shiga. Haka nan ku naɗe hanyoyinku da AllowedHostsOriginValidator, mai duba daga wane shafi haɗin ya fito, don burauza ba ta hana wani shafi can daban buɗe WebSocket zuwa gare ku, kuma tana iya turo muku kukin mutumin tare da haɗin.

Na'am, 'yar'uwa, tambayarki? Ta ce a kwamfutarta yana aiki, da ta ɗora a saba sai ya ƙi. Kina da nginx a gaba, wato sabar da ke fara karɓar buƙatu ta miƙa wa manhajarki, ko? Na sani. Shi nginx ba ya miƙa bayanan nan biyu, Upgrade da Connection, masu ɗauke da roƙon sauya layi, sai an umarce shi. Idan ba su isa ba, manhajarki za ta ɗauka haɗin http ne, ɗan kamashon farko ya tura shi wancan ɓangaren, sai ki ga 404, wato ba a sami adireshin ba, alhali adireshin daidai yake. Wannan ne amfanin fara duk adireshin WebSocket da ws/, don ki ware musu nasu saitin wuri guda. Ki kuma lura, nginx na yanke haɗin da ya yi daƙiƙa 60 ba motsi. Ko ki ƙara wa'adin, ko ki riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" lokaci-lokaci.

Sai magana guda kafin sallah. Masu aikin da kuka rubuta da async, wato salon da ayyuka ke karɓa-karɓa, duk zagaye ɗaya suke rabawa, kowa na sakin layi idan ya iso await, wurin jira. Wani ya sa time.sleep a ciki, ko ya kira requests, waɗanda ba sa sakin layi yayin jira, to duk haɗin da ke kan wannan zagayen sun tsaya cak har ya gama. Tambayar rumbun bayanai kuwa ku bi da ita ta database_sync_to_async, in ba haka ba Django zai tsayar da ku da kuskuren SynchronousOnlyOperation. Idan mun dawo, kowa ya buɗe fayil ɗin asgi.py nasa, za mu juya jerin adireshin nan biyu mu ga abin da zai faru.